Jirgin Saki Ya Ɓace, Hotonsa Yana Nan

A wannan karo za mu soma da labarin wani wasa wanda watakila da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganinsa da ido ba. Muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo mu, domin inda za mu sauka ba nisa, ƙarƙashin gadonsa ne, wajen akwatin ƙarfen nan da aka daɗe ba a buɗe ba.

Wasan kuwa shi ne na ƙananan jiragen sama da ake ƙerawa da hannu, a sake su su tashi da kansu. Babu igiya a hannun mai shi, babu kuma na'urar da zai juya jirgin daga ƙasa. Da zarar ya bar hannunka, to shi ke nan, sai tsakaninsa da iska. Saboda haka muka laƙaba masa suna jirgin saki (kada masu aure su razana, ba wancan sakin muke nufi ba). A da ana yin ƙashinsa da wani icce marar nauyi da ake kira balsa, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, sa'an nan a lulluɓe shi da takarda shara-shara. Akwai wanda ake ja da zare mai tsawon mita 50 kamar yadda yara ke jan filfilo, in ya hau sama sai a kwance shi. Akwai mai ɗan inji wanda ba ya wuce 'yan sakan kaɗan yana aiki. Akwai kuma mai roba, watau a murɗe roba ta murɗu sosai, in tana warwarewa sai ta juya farfela, kuma a dokar gasa ta yanzu nauyin robar ba zai wuce giram 30 ba.

Wannan mai roba shi ne kakansu duka. A ran 18 ga Agusta 1871 wani saurayi Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya saki nasa a lambun Tuileries da ke birnin Paris, ya yi sakan 11 a sama. Kada a raina sakan 11. A 1878 wani malamin coci a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa biyu tsarabar abin wasa mai roba, irin ƙirar Pénaud ɗin nan, yaran suka yi ta wasa da shi har ya karye, suka koma suna ƙera nasu. Su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda a ran 17 ga Disamba 1903 suka tashi da jirgi mai inji da mutum a cikinsa, kuma tashin farko na wannan rana sakan 12 ne kacal. Daga baya wani attajirin Ingila, Charles Wakefield, mai kamfanin man inji na Castrol wanda duk bakaniken Adjamé ya sani, ya sa kofi don masu jirgin roba. An fara gasar cin kofin a 1928, kuma har gobe kofin Wakefield shi ne abin da zakaran duniya a wannan fanni yake ɗagawa.

Yadda ake cin gasar abu ne mai sauƙin ganewa. Ba a duban kyan jirgi ko saurinsa, daɗewarsa a sama ake aunawa. Alƙalai suna riƙe da agogo da madubin hangen nesa, a yi zagaye bakwai, galibi kowane zagaye ana neman jirgi ya cika minti 3. Gwanintar tana wajen karanta iska. Duk wanda ya taso a Adar ko Damagaram ko Katsina ya san yadda ungulu ke buɗe fukafukai da hantsi tana ta hawa ba ta kaɗa ko ɗaya ba. Iska mai ɗumi ce take tasowa daga ƙasa ta ɗauke ta, kuma irin wannan iska mai gasa yake tsayawa yana jira kafin ya saki jirginsa. To amma iskar da ta ba ka nasara ita ce kuma mai raba ka da jirginka. Shi ya sa mutanen da suka ƙirƙiro dabarar sa ɗan lagwani a wutsiyar jirgi, a kunna shi kafin a saki, in ya ci ya ƙone wata 'yar roba sai wutsiyar ta ɗaga, jirgin ya sauko a hankali. In lagwani ya mutu a hanya, sai dai mai jirgi ya tsaya yana kallon aikinsa na watanni yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Don haka kowa yake manna sunansa da adireshinsa a jikin jirgi, ko Allah ya sa wani manomi ya tsinta.

Abin da ya ja hankalinmu ke nan. Jirgin icce da takarda ba ya tsufa. Ko ya ɓace, ko ya faɗi ya ragargaje, ko ya maƙale a kan itace ruwa ya dake shi. Abin da ke saura shi ne hoto: mutum a tsaye a fili, riƙe da jirginsa, yana kallon sama. Masu wannan wasa a Ingila da Faransa da Amurka sun gane haka, shi ya sa suke bin tsofaffin hotunansu kamar yadda mu muke bin takardar gida. Abubuwa da dama sun taimake su. Dokar gasa ta ce a rubuta lambar mai jirgi a kan fiffike, saboda haka ko an manta fuska, lamba tana nan. Mujallunsu, irin su Aeromodeller ta Ingila da aka fara a 1935 da Le Modèle Réduit d'Avion ta Faransa da aka fara a 1936, sun riƙa buga sunayen waɗanda suka ci da lokacin da kowa ya yi. A Amurka har gidan tarihi suka gina a garin Muncie na jihar Indiyana. Duk da haka in ka duba wasiƙun ƙungiyoyinsu, sau da yawa za ka ga an buga tsohon hoto an rubuta tambaya a ƙasa, ana neman wanda ya san mutumin da ke riƙe da jirgin. Sun san cewa amsar tana bakin dattijai ne, kuma dattijan suna raguwa kowace shekara.

Ko hoton tashin farko na 'yan gidan Wright da duniya duka ta sani, da ƙyar ya tsira. Wani ma'aikacin ceto na bakin teku mai suna John Daniels ne ya danna, mutumin da bai taɓa ɗaukar hoto ba kafin ranar. A kan faifan gilashi aka ɗauka, kuma a 1913 ambaliya ta cinye garin Dayton, faya-fayan suka kwana cikin ruwa da laka, wasu suka lalace. Wannan dai ya fita da rai, yanzu yana ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar Amurka. Darajarsa kuwa ta zo ne daga abin da aka sani game da shi: ranar, wurin, wanda ke cikin jirgi, wanda ke tsaye a gefe, da wanda ya ɗauka.

To, bari mu dawo gida. Mu ma muna da namu wasannin da namu tarukan da ba sa barin komai a baya sai hoto. Akwai kokawar da 'yan uwa kan shirya a filin unguwa lokacin salla, da musabaƙar karatun Alƙur'ani, da saukar yara, da marakana ta samari. Akwai rakiyar alhazai a filin jirgi na Port-Bouët, zamanin da Air Afrique ke raye. Akwai kuma yaranmu masu motar langa-langa da jirgin gwangwani, waɗanda suka gaji hikimar motar kara ta can gida, suka mai da ita ta waya da gwangwanin madara don babu karan dawa a Treichville. Waɗannan ma jiragen saki ne a tasu hanyar, domin ba wanda yake kai salla biyu. Wa ya ɗauki hotonsu? In an ɗauka, yana hannun wa?

Ga wani misali da ya kamata ya ba mu kunya kaɗan. Duk faɗin Kwaddibuwa babu wanda bai san garba ba, wato aceke da soyayyen kifi, daga ɗan makaranta har babban ma'aikaci. Kowa kuma yana faɗin cewa sunan ya samo asali ne daga Hausawan Nijar masu sayar da shi. Sunan mutum namu ya zama sunan abincin ƙasa. Amma in yau wani ya ce mu jera masa hotunan rumfunan garba na farko a unguwanninmu, da sunayen masu su da garuruwan da suka fito, mutum nawa ne cikinmu zai miƙe? Haka zancen yake ga masu goro, da masu katako, da masu albasar Galmi, da mahauta da masu cukuya. Hotunan kam ba za a rasa su ba. Iyayenmu mutane ne masu son hoto, domin duk wanda ya zo ci-rani, da ya samu 'yan kuɗi sai ya ɗinka riga, ya ɗaura agogo, ya shiga wurin mai hoto ya tsaya kusa da rediyo ko babur, ya aika gida a ga cewa yana lafiya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutu a bayansu.

Kuma garin nan ba ya tausayin takarda. Danshin Abijan, musamman daga Mayu zuwa Yuli, yana sa hotuna su manne da juna, funfuna ta hau su, kyankyaso da gara su ƙarasa abin da ya rage. Ga gobara, kamar wadda ta cinye babbar kasuwar Treichville a 1997, alhali 'yan kasuwa da yawa shago ne ma'ajiyarsu. Ga tashin hankalin 2002 da na 2010 zuwa 2011, lokacin da mutane suka bar ɗakuna da abin da ke jikinsu kawai. A 2011 ɗin ko gidan tarihi na ƙasa da ke Plateau bai tsira daga masu wawaso ba. Ga kuma rushe-rushen 2024 a Gesco da Boribana da Adjamé-Village. Wanda katafila ta tsaya a ƙofarsa da asuba, katifa da tukunya zai fara ɗauka, ba albom ba, kuma ba mai ganin laifinsa.

Manyan masu hoto ma ba su tsira ba. Paul Kodjo, wanda aka haifa a 1939 ya rasu a 2021, ya yi aiki da Fraternité Matin, kuma shi ne mai labaran hotuna da mutane suka riƙa rububi a mujallar Ivoire Dimanche a shekarun 1970. Da ya bar sana'ar ya koma Gana, sai kayan aikinsa na shekaru suka zauna cikin akwati danshi yana cinsu. A 2008 ne ya damƙa akwatin ga wani matashin mai hoto ɗan ƙasar nan, Ananias Léki Dago, wanda ya shafe shekaru yana tsamo abin da zai tsamu daga cikin dubban kilishe (watau baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, ba na ci ba), har aka kai ga nuna su a Paris. In haka ta sami wanda jaridun ƙasa suka san sunansa, ina ga ƙananan masu hoto na lungunan Adjamé da Treichville, waɗanda suka rufe shago tun da waya ta kashe musu kasuwa? A akwatunansu fuskokin iyayenmu suke.

Labarin Seydou Keïta na Bamako ya fi kusa da abin da muke son faɗa. Ya buɗe shagonsa a 1948. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin Niyok na Amurka, aka rubuta a ƙasa cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani Bafaranshe mai suna André Magnin ya ɗauko kwafinsu ya zo Bamako yana tambaya, sai wani mai hoton, Malick Sidibé, ya duba ya ce ai wannan aikin Keïta ne. Aka je aka tarar da dattijon da kilishensa dubbai a ajiye lafiya. Sunansa ya dawo masa, duniya ta san shi kafin ya rasu a 2001. Amma mata da mazan da ke cikin hotunan, waɗanda suka ci ado suka biya kuɗinsu, galibinsu ba su da suna har yau. Ana rataye su a manyan biranen duniya, a ƙasa a rubuta shekara kawai. A ganinmu wannan rabin ceto ne. Ba ma fatan wata rana jikokinmu su ga kakansu a bangon wani gida a Turai an rubuta "wani ɗan kasuwa, Abijan".

Saboda haka aikin farko ba ya bukatar ko dala. A ɗauko hotunan, a je wurin mafi tsufa a gidan, a zauna. "Baba, wane ne wannan na hannun damanka? Mutumin ina ne? Wace shekara ce, kafin a haifi Yaya ne ko bayan?" In Baba ya manta, a tafi wurin Hajiya, domin a abin da ya shafi biki da suna mata sun fi mu riƙo nesa ba kusa ba. Abin da aka faɗa a rubuta shi nan take a bayan hoton da fensir mai taushi, a kan tebur, ba tare da dannawa ba. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana nasowa ta ɓata fuska. Hotunan kala na baya-bayan nan bayansu santsi ne, fensir ba ya kamawa sosai, to sai a ba kowane lamba a ambulan ɗinsa, a rubuta bayanin a littafi. Da boko ko da ajami ko da Faransanci, duk ɗaya ne. A sa cikakken suna da laƙabi da garin asali, domin Alhaji Garba kaɗai ba ya isa a unguwar da ke da Alhaji Garba goma.

Wajen gano shekara, mu ma muna da namu lambobin fiffike in mun lura. A duba hatimin mai hoto a baya. In lambar wayar da ke jiki guda shida ce, to hatimin ya girmi shekarar 2000, domin a Janairun shekarar ne aka koma lamba takwas, sa'an nan aka koma goma a ƙarshen Janairu 2021. In an ga jirgin Air Afrique a bayan alhazai, to tsakanin 1961 da 2002 ne. Gadar Houphouët-Boigny an buɗe ta a 1957, ta De Gaulle a 1967. Atamfar da mace ta ɗaura ma shaida ce, domin mata sun san shekarar da kowace ta yi tashe, haka nan kalandar da ke bango da ƙirar motar da aka jingina da ita.

Game da ajiya, abin da muka fi gani yana kashe hotuna shi ne ƙauna. Mutum ya ga hoton mahaifinsa ya fara tsufa, sai ya kai a rufe shi da roba a injin zafi kamar katin shaida. Wannan ba ya warwaruwa, kuma in danshi ya shiga ta gefe, a ciki zai zauna. Haka albom mai gam da salatif, duk suna barin tabo. Hoton da ya manne da gilashi ko da ɗan uwansa, kada a fizge, a ɗauki hotonsa yadda yake tukuna. In ruwan sama ya jiƙa su, a ɗauraye da ruwa mai tsabta a hankali, a shanya kowane dabam, fuska sama, a inuwa. A ɗaga akwati daga ƙasa, a nisanta shi da bangon da ke tsatsafo, a zuba 'yan ƙunshin tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi. Kilishen da ya fara warin tsami kamar binigar ya kama hanyar lalacewa, kuma yana shafa wa na kusa da shi, sai a ware shi, a gaggauta kwafe shi.

Sai batun rabawa, wanda shi ne ainihin ajiya. Hoton da ke wuri ɗaya gobara ɗaya ta ishe shi. A kai wurin masu kwamfuta a sa a sikana gaba da baya, a ce musu a yi da ƙarfin 600, musamman ƙananan hotuna. Wanda bai da hali ya ɗauka da waya a hasken rana, a inuwa, ba tare da walƙiya ba. In za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, domin in an tura shi a matsayin hoto ana matse shi ya rage kyau. Kuma a haɗa da sunayen a cikin saƙon, in ba haka ba mun ƙara yawan hotuna marasa suna ne kawai. Kada a manta kuma, rabin tarihinmu na Abijan ba a Abijan yake ba. Hotunan da iyayenmu suka aika gida suna Tawa da Maraɗi da Ƙonni da Kano, a ƙasar da iska ta bushe, kuma sau da yawa sun fi na nan lafiya. Duk mai zuwa gida bana ya tambayi Inna ko Goggo ta buɗe masa kwalla, ya kwafo, ya kuma bar musu kwafin na nan.

Mun san akwai 'yan uwa da malamansu suka hore su da barin rataye hoto a ɗaki, wasu ma sukan kawar da hoton mamaci da zarar an share makoki. Ba mu zo jayayya da kowa a kan wannan ba, fagen malamai ne. Roƙonmu kawai shi ne, wanda ba ya son ajiyewa ya miƙa wa wani a dangi maimakon ya ƙone, domin hoton ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai marayun da ba su san fuskar ubansu ba sai ta nan. Haka kuma hoton matan mutane ba abin watsawa ba ne a Facebook don kawai ya tsufa. A nemi izinin mai shi ko na 'ya'yanta tukuna.

Mu a namu ɓangaren, daga wata mai zuwa za mu ware gefe guda na wannan shafi don tsohon hoto ɗaya kowane wata. Wanda ya kawo nasa ofishinmu, a gabansa za a kwafa a mai da masa abinsa, ba zai kwana a hannunmu ba. Za mu buga da sunayen da aka sani, mu sa lamba a kan fuskokin da ba a sani ba, wanda ya gane wani ya aiko mana, mu buga amsar a fitowa ta gaba. Mun fi ɗokin hotunan kasuwa da na wasanni da na rakiyar alhazai daga 1960 zuwa 1990, kuma in akwai mai hoton yaro riƙe da motar langa-langa ko jirgin gwangwani, da nasa za mu fara.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.